Atisayen 'yan matan ƙwallon kwando na UConn (Jami'ar Connecticut, Amurka) bayan tafiyar tauraruwarsu Paige Bueckers: wa zai riƙe ƙwallo bana? (Hirar zaure, Oktoban 2025)

Ummi Storrs: Assalamu alaikum 'yan zaure. Alƙawari kaya ne, ga shi na zo saukewa. Na samu shiga atisayen da aka buɗe wa jama'a, na zauna layi na shida daga ƙasa, kusa sosai har kana jin ƙarar takalma a kan katako da numfashin yaran. Abu na farko da zan ce: wanda duk yake kallonsu a waya kawai bai san girman yaran nan ba. Sarah Strong a talabijin sai ka ɗauka wata 'yar madaidaiciya ce, amma da ta gifta ta gabana sai da na gyara zama. Abu na biyu, kuma shi ya fi tsaya mini a rai, babu hutu tsakanin wannan darasi da wancan. Agogo na gudu a bango, ana gama ɗaya an faɗa na gaba, mai son ruwa ta kurɓa a tsaye. Ni da nake zaune ma na gaji.

Baban Ilham: Wa alaikumus salam Ummi, sannu da ƙoƙari. To amma mu bar zancen girma da gajiya. Tambaya ɗaya ce ta hana kowa barci: wa ya gaji Paige?

Ummi Storrs: Baba, da wannan tambayar na shiga, kuma da na fito sai na ga kamar ba ita ce tambayar ba. Maki ba zai yi musu wuya ba. Azzi Fudd na nan, jifanta sai dai ka ji raga ta ce "cas", ƙarfen ma bai san an wuce ba. Sarah na nan. Abin da na zuba wa ido shi ne idan tsari ya rikice, saura daƙiƙa bakwai a agogon jifa, wa kowa yake waiwaya ya kalla? Bara amsar a fili take. Bana na ga suna ɗan kallon juna.

Habu Houston: Kallon juna 😂 Ai shi ke nan an gama. Ku gaishe da kofin, ya yi muku shekara guda.

Sani Maraɗi: Habu kai dai ba ka rabo da tsokana. Ƙungiyar da ta ci South Carolina 82 da 59 a wasan ƙarshe, ta ci UCLA 85 da 51 kwana biyu kafin nan, ita ce za ka yi wa jana'iza a watan Oktoba? Ka duba wasan ƙarshen nan da aka yi a Tampa da kyau. Paige maki 17 ta ci. Azzi 24, Sarah 24 da kamun ƙwallo 15 a gindin kwando. Waɗanda suka fi cin makin ranar duk suna nan.

Habu Houston: Sun ci 24 ne don masu tsaro biyu na manne da Paige, ɗan'uwa. Cire ta ka ga yadda fili zai tsuke.

Anti Ladi Zariya: Habu ya faɗi gaskiya a nan, ko da yake da mugun nufi ya faɗe ta. Amma ku bari in tambayi Ummi abin da ya fi muhimmanci a wurina. 'Yata, mutum nawa kika ƙirga a fili sanye da kayan atisaye, nawa ne a gefe kan keke ko da ƙanƙara a gwiwa?

Ummi Storrs: Anti wallahi ban zauna na ƙirga ɗaya bayan ɗaya ba, amma fili cike yake. Sun raba biyar da biyar, ga masu jiran canji a kowane ɓangare. Sunaye goma sha biyar ne a jerin bana.

Anti Ladi Zariya: To wannan shi ne labarin, sauran duk hira ce. Ku yara da kuka fara bin ƙungiyar nan bara ba ku san wahalar da aka sha ba. Agustan 2022 Paige ta tsinke jijiyar gwiwa, kaka ɗungurungum ba ta taka fili ba. Oktoban shekarar Ice Brady ƙoƙon gwiwarta ya goce, a atisaye fa, ba a wasa ba, tun ba ta buga ko minti ɗaya a jami'a ba. Janairun 2023 sai da aka ɗage wasansu da DePaul saboda ba su kai mutum bakwai masu lafiya ba. Ku ji fa, ƙungiya kamar UConn ta kasa haɗa mutum bakwai. Yulin 2023 Jana El Alfy ta tsinke agara a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 19 tana buga wa Masar. Nuwamban 2023 Azzi ta sake tsinke jijiyar gwiwa, ita ma a atisaye. Ga Caroline Ducharme da ta daɗe tana fama da buguwar kai da wuya. Don haka ni idan an ce an je kallon atisaye ba na tambayar wa ta jefa maki uku sau nawa. Ina tambayar wa ke tafiya daidai, wa ke tsoron dira a kan ƙafa ɗaya.

Na buga ƙwallon nan a kan siminti a Samaru lokacin da ba mu san wani abu wai shi likitan ƙungiya ba. Gwiwata ta hagu har yau ita ke gaya mini za a yi ruwa kafin hadari ya haɗu. Wadda ta taɓa ji ta san yadda ake gane mai tsoro: za ta yi tsalle lafiya lau, amma wajen saukowa sai ta karkata nauyinta kan ƙafar da ta yarda da ita. Ummi, kin lura da saukar Azzi?

Ummi Storrs: Anti yanzu da kika faɗa nake tunawa. Akwai inda ta zagayo bayan shinge (abokiyar wasanta da ta tsaya ta tare mai tsaronta) a guje, ta tsaya cak, ta miƙe ta jefa. Ƙafa biyu ta sauka, ba ta ko kalli ƙasa ba, ta juya ta koma tsaro. Ban ga alamar ɗari-ɗari ba.

Anti Ladi Zariya: Alhamdulillah. To kin biya ni.

Awudu Kumasi: Salam jama'a, yanzu na shigo na karanta daga sama. Ni dai ina tare da masu cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. 'Yan jaridar da ke jefa ƙuri'ar kamfanin dillancin labarai na AP ma ai UConn suka sa a lamba ɗaya, South Carolina ta biyu.

Baban Ilham: Awudu, ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Ƙuri'ar Oktoba ladan bara ce ake biya. Kuma atisayen da aka buɗe wa jama'a ai kamar gidan da aka share don baƙi ne. Koci ba zai fito da sirrinsa gaban mutane da wayoyi a hannu ba. Ainihin aikin a ginin atisayensu na Werth ake yinsa, ƙofa a rufe.

Ummi Storrs: Haka ne Baba, ban musa ba. Ko bikin buɗe kaka na First Night da ake yi a filin wasansu na Gampel ai rabinsa kiɗa ne da hasken wuta da gabatar da 'yan wasa, ba wanda zai ce ya gane ƙungiya daga nan. Amma akwai abin da ba ya ɓoyuwa ko an share gida. Misali magana. A tsaro kowa sai ta yi ihu tana sanar da abokiyarta shinge na zuwa ta hagu ko ta dama. Muryar da na fi ji ita ce ta KK Arnold, yarinyar nan ba ta gajiya da baki, ba ta gajiya da ƙafa. Tun daga layin can take manne wa mai ƙwallo kamar ƙaska. Sarah kuwa shiru-shiru ce, sai dai ta nuna da hannu. Amma sau da yawa ita ke kama ƙwallo a baya ta taho da ita da kanta har gaba ta raba. Mai tsayin ƙafa shida da inci biyu fa.

Sani Maraɗi: To ai ga amsar Baba nan. Ba dole sai gajeriya ce za ta ja ragama ba.

Baban Ilham: A'a Sani. Raba ƙwallo a atisaye daban, raba ta saura minti biyu ana bin ku maki huɗu a gidan wasu daban. Kuma kun manta ba Paige kaɗai ta tafi ba. Kaitlyn Chen da ta zo daga Princeton ita ce ta riƙa sauke wa Paige nauyin ɗauko ƙwallo bara, ita ma ta tafi. Aubrey Griffin ta tafi. Mutane sun fi ganin tafiyar Paige da ƙungiyar ƙwararru ta Dallas Wings ta ɗauka a lamba ɗaya, amma Chen ce irin ginshiƙin da ba a lura da shi sai an cire.

Ummi Storrs: Shi ya sa suka ɗauko Kayleigh Heckel daga USC, wato Jami'ar Southern California. Tana da gudu sosai, har wani lokaci gudun ya fi tunanin sauri. Na ga an tsayar da wasa an mayar da su baya a sake, kuma na ga kamar a kanta ne. Amma ba ta ɓata rai ba, ta gyaɗa kai aka ci gaba.

Habu Houston: Wato USC ɗin da ta ci ku a Disamba, kuka rama a Maris, sannan kuka ɗauke musu yarinya. Ba tausayi.

Awudu Kumasi: Kai ma LSU ɗinka ta Louisiana ba daga South Carolina kuka ɗauko MiLaysia Fulwiley ba? Kowa na cin kasuwar nan.

Habu Houston: Ni ban ce haramun ba ne 😂

Maman Sadiq: Ku yi haƙuri in katse ku. Ummi, a bidiyon da kika turo ɗazu na ga kamar maza a cikin fili suna tsare su. Idona ne ko kuwa?

Ummi Storrs: Ba idonki ba ne Maman Sadiq. Ɗalibai ne maza na jami'ar, waɗanda yawanci sun buga ƙwallo a sakandare. Ba sa cikin ƙungiya, ba sa buga wasa, aikinsu kawai su zama abokan hamayya a atisaye. Manyan ƙungiyoyin mata da dama a nan haka suke yi, an daɗe ana yi. Idan za a haɗu da wata ƙungiya, sai a koya wa mazan salon wasanta su kwaikwaya.

Maman Sadiq: Ikon Allah. Ni dai abin bai kwanta mini ba. Ga yara goma sha biyar, me zai hana su tsare junansu?

Baban Ilham: Ni ma da na fara gani na yi tsaki. Amma ta ɓangaren wasa kawai, in aka ajiye sauran, akwai hujja.

Anti Ladi Zariya: Ƙanwata, ba zan ce miki ki so abin ba, kowa da tarbiyyar da ya tashi a kai, kuma can ƙasarsu ce da al'adarsu. Amma bari in gaya miki dalilin kocin. Idan 'yan farko biyar kullum da 'yan benci suke karawa, to kullum da wanda suka fi ƙarfi suke wasa. Miƙa ƙwallon da zai wuce a atisaye, ranar wasa da mai dogon hannu sai a tare shi. Namiji ɗan shekara ashirin ko bai iya ƙwallo sosai ba yana da saurin ƙafa da tsalle, zai rufe ramin da kike ganin a buɗe yake. To dole ki koyi yaudara da ido, ki koyi sakin ƙwallo da wuri. Na biyu, yana rage wa yaran duka. A shekarun da na lissafo ɗazu, da ba don mazan nan ba da ko biyar da biyar ba za su iya yi ba.

Masu suka kuma suna da tasu maganar, tun da daɗewa: duk mintin da namiji ya tsaya a fili, wata yarinya 'yar benci ce ke tsaye a gefe tana kallo, alhali ita aka ba gurbin karatu don ta koya. Bana da suke da mutum goma sha biyar wannan maganar ta fi nauyi. Blanca Quiñonez daga Ekwado, Kelis Fisher, Gandy Malou-Mamel daga Ayalan, duk sababbi ne, a ina za su goge idan ba a fili ba?

Maman Sadiq: Na gode Anti, na fahimci hujjar ko da ban sauya ra'ayi ba.

Sani Maraɗi: Ummi ba ki ce komai kan Serah Williams ba. Ni ita na fi ɗoki. Bara raunin da kowa ke nunawa shi ne gindin kwando.

Ummi Storrs: Yaya Sani na ajiye ta ne don a nan nake da shakka. A Wisconsin ita ce komai, maki 19 da ɗoriya a kowane wasa, kusan kamu 10, kuma ta taɓa zama gwarzuwar tsaro ta Big Ten, rukunin gasar da Wisconsin ke ciki, a 2024. Can idan ta tsaya ta ɗaga hannu, ƙwallo na zuwa. A nan kuwa ba a tsayawa. Ka miƙa, ka yanka, ka yi shinge, ka fita, duk a kan karanta abin da mai tsaro ya yi. Na ga sau biyu ko uku ta samu wuri mai kyau ta juya baya tana jira, ƙwallo kuwa har ta zagaya ɗaya gefen. Ba laifinta ba ne, shekara uku ta yi tana wani yare, yanzu an ce ta koyi wani a wata biyar. A tsaro kam ba magana, hannunta na kaiwa inda ba ka zata ba.

Baban Ilham: Yauwa, irin wannan nake son ji, ba "raga ta ce cas" ba.

Ummi Storrs: Baba ai ragar ta ce cas ɗin 😅

Awudu Kumasi: To ina makomar 'yar'uwarmu Jana? Ita ta fara wasannin gasar bara a tsakiya. Yanzu an kawo wata a kanta.

Ummi Storrs: Za ta yi kokawar neman minti, ita da Ice Brady da Ayanna Patterson. Amma ni na ga jikinta ya fi sakewa. Bara ce kakarta ta farko bayan agarar nan, kuma an ce sai shekara ta biyu mutum ke dawowa daidai.

Maman Sadiq: Yarinyar nan tun da na ji ta buga wasannin Maris da azumi a bakinta, har Paige na tashi da asuba tana haɗa mata sahur, na ji ta shiga raina. Ni dalilin da ya sa na fara bin ƙungiyar ke nan ma, ba ƙwallon na sani ba.

Sani Maraɗi: A 2026 kuma azumi wajen tsakiyar Fabrairu zai kama, wato ƙarshen wasannin Big East ke nan, rukunin gasar da UConn ke ciki. Sai a nemo sabon mai dafa sahur. Ka ga Baba, a nan ma akwai tambayar wa ya gaji Paige.

Baban Ilham: 😂 Allah ya shirye ka Sani.

Habu Houston: Mu koma magana ta gaskiya. Ni abin da ke ba ni haushi da magoya bayan UConn shi ne ba a gwada ku sai Maris. Big East ba ta da wanda zai tsaya muku. Mu a namu rukunin na SEC kowane mako yaƙi ne: South Carolina, Texas, Tennessee, Oklahoma, Kentucky. Ku kuwa ku ci wannan da 40, ku ci wancan da 50, ku ce kun iya.

Anti Ladi Zariya: Ɗana, ka faɗi rabin gaskiya ka haɗiye rabi. Saboda hakan ne ma atisayensu ya fi na kowa muhimmanci. Wanda gasarsa ba ta matsa masa, dole ya ƙirƙiro matsin a gida. Kocinsu Geno Auriemma tun 1985 yake wurin nan, shi da mataimakiyarsa Chris Dailey, bana kaka ta 41, kofi 12. Tsofaffin 'yan wasansa da yawa sun sha faɗa cewa atisayen ya fi wasan wuya. Wasa 111 a jere da suka ci daga 2014 zuwa 2017 ba daga sama ya faɗo ba. Kuma SEC ɗin da kake taƙama da ita, a Fabrairun 2025 har gida suka bi South Carolina suka yi mata 87 da 58, suka yanke mata wasa 71 da ta yi ba a ci ta a gida ba.

Habu Houston: Amma Tennessee ta ci ku kwana goma kafin nan. Kuma wa ya yanke 111 ɗin? Mississippi State, 'yar SEC. Morgan William, 'yar ƙarama da ita, ta ɗaga a kan ƙararrawa.

Anti Ladi Zariya: Wannan kam ba zan manta ba, da asuba na kalla, ko karin kumallo ban iya yi ba.

Awudu Kumasi: Ku kuna ta batun gasa, ni tausayin South Carolina nake ji. Chloe Kitts ta tsinke jijiyar gwiwa tun ba a fara ba, kakar ta tafi. JuJu Watkins ma ta ce ba za ta buga wa USC bana ba. Abin da Anti ta faɗa a sama ke nan.

Baban Ilham: Kada ka yi saurin tausaya wa Dawn Staley, kocin South Carolina. Ta ɗauko Ta'Niya Latson daga Florida State, wadda ta fi kowa cin maki a ƙasar bara, ta ɗauko Madina Okot 'yar Kenya a tsakiya. Matar da ta ci kofi a 2017 da 2022 da 2024, ta ƙarshen ma ba a ci ta ko sau ɗaya ba, ba ta rasa dabara.

Sani Maraɗi: Wai ni tambaya, su waɗannan yaran yaushe suke karatu? Kullum atisaye.

Ummi Storrs: Akwai doka Yaya. NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta ƙayyade awa 20 a mako a lokacin kaka, da hutun kwana ɗaya. Kafin kaka kuma ana fara cikakken atisaye kwana 42 kafin wasan farko, kuma a cikin kwanakin nan sau 30 kawai aka yarda a yi. Amma tsakani da Allah awa 20 ɗin a takarda ne, ban da jinya, ban da tafiye-tafiye, ban da wadda za ta koma ita kaɗai da dare ta yi jifa ɗari uku. Ina ganinsu a harabar makaranta da jaka a baya suna sauri kamar kowa. Storrs, inda makarantar take, ƙauye ne fa, shanu ne da gonaki a bayan makaranta, ba abin da zai ɗauke maka hankali sai sanyi.

Habu Houston: Shi ya sa suke cin kofi, ba wurin zuwa.

Maman Sadiq: Ni ina ma a ce 'yan matanmu na samun ko rubu'in wannan kulawa. D'Tigress, ƙungiyar matan Najeriya, sun ci kofin Afirka biyar a jere, sun kai zagayen 'yan takwas a Faris a 2024, amma yawancinsu a irin waɗannan jami'o'in aka raine su.

Anti Ladi Zariya: Kocinsu Rena Wakama ma a jami'ar Amurka ta buga, a can ta fara koyarwa. Wannan zance ne mai tsawo ƙanwata, in muka buɗe shi yau ba za mu kwanta ba. A ware masa rana.

Baban Ilham: To Ummi, kafin a watse, ki ba mu biyar ɗin farko kamar yadda idonki ya gani. Mu ajiye, ranar 4 ga Nuwamba da Louisville mu kama ki.

Ummi Storrs: Baba za ka sa ni a uku. To: KK Arnold, Azzi Fudd, Ashlynn Shade, Sarah Strong, Serah Williams. Heckel ta fara shigowa daga benci. Wadda nake ganin za ta ba mutane mamaki ita ce Blanca, ta riga ta buga da manya a Italiya, ba ta wasa kamar sabuwa. Sai dai tana son miƙa ƙwallo mai haɗari, irin wanda in ya wuce a tafa, in bai wuce ba koci ya kama kai.

Sani Maraɗi: Na ɗauki hoton wannan saƙon.

Habu Houston: Ni ma. Kuma ina nan a kan bakana, saura daƙiƙa bakwai za su kalli juna.

Awudu Kumasi: Wa zai tashe ni ranar? Wasannin ƙarfe bakwai na can sha biyun dare ne a nan, ku kuma ƙarfe ɗaya.

Anti Ladi Zariya: Gwiwata za ta tashe ni, sai in kira ka. Ummi, in kin sake samun shiga, wannan karon ki ƙirga mini su ɗaya bayan ɗaya, kuma ki duba mini Caroline, ko ana barinta ta shiga inda ake gwabzawa ko a gefe take jifa ita kaɗai.

Ummi Storrs: In sha Allah Anti, da biro da takarda zan je.